Shekarar da Muka Huda Tukunya

Ranar da kuka yi walimar buɗe sabuwar rumfarku ta bakin titi, babban yayanku, wanda har yau bakina bai saba da kiran sunansa ba, ya miƙe a gaban jama'a ya ce wai ni ce na ƙirƙiro sana'ar tukwanen fulawa a gidanmu, ni kaɗai, kuma wai kakarku ma so ta yi ta hana. Mutane suka yi ta tafi, ni kuwa ina zaune cikin mata ina ji. Ban tanka ba, don ba a kunyata ɗa a gaban baƙinsa. Amma tun daga ranar abin yake cina a rai. Ban ga laifinsa ba, lokacin da aka yi abin ko wando bai fara sawa ba. Laifina ne da na bar labarin ya tsufa a bakina har ya karkace a naku. Shi ya sa na ɗauki biro, da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi da furfura a kaina, zan faɗa muku yadda aka yi. Wanda ya ga rubutun a karkace ya yi haƙuri, hannun yumɓu ne.

Ni ba a gidan magina aka haife ni ba. 'Yar manoma ce daga Gagarawa, aure ne ya kawo ni ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, na tarar da Iya, mahaifiyar babanku, tana ginin tukwane. Tulu, kasko, tanda, shantali, babu wanda ba ta yi, amma da randa aka san ta. Daga Ɗanzomo har kasuwar Maigatari, in uwa tana haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ba ta sa randar Iya ba, to da sauran aiki. Takan ce randa ta gari gumi take yi, ba ta yoyo. In an kwashe wuta daga matoya, wato filin da muke toya tukwane a bayan gida, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ta kara kunne. Wadda amonta bai yi mata ba, da hannunta take fasa ta, ko da kwana uku aka yi ana gininta. Tukunyar da ba ta riƙe ruwa, in ji ta, ba tukunya ba ce, tsingaro ne da bai san ya fashe ba. A hannunta na koya, da faɗa da komai. In na yi abin kirki ni ce 'Yar Gagarawa, in na ɓata sai in koma Hannun Fartanya. Na fi amsa na biyun, gaskiya.

Sai babban farin nan ya zo, wanda ya biyo bayan canjin kuɗi zuwa naira. Ba zan tsaya ba ku labarinsa ba, kun ji shi a bakin kowa. Abin da ya shafe mu shi ne, wanda ba shi da hatsi ba ya sayen randa, wanda kuma yake da ɗan abin hannu ya koma bokitin ƙarfe da duro, don su ake iya ɗora wa jaki a je rijiya mai nisa ba su fashe ba. Randunan Iya suka yi layi a tsakar gida har kaji suka fara ƙwai a cikinsu. Wata safiya da bazara, bayan mun sha koko, babanku ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Iya, na yanke shawara. In Allah ya kai mu kaka muka ɗaure abin da ya samu, zan kwashe ku mu koma Kano. An ce ana ɗaukar mutane aiki a masaƙa."

"Ka kwashi matarka da ɗanka," in ji Iya, ba ta ko ɗago kai ba. "Ni ba kaya ba ce. Shekara arba'in ina hura matoyar nan, a nan za a wanke ni."

"Iya, yumɓu za mu ci?"

"Shi ka ci har ka yi gemu."

Shi kaɗai ne ɗanta da ya rayu. In mun tafi mun bar tsohuwa ita kaɗai a kango, in mun zauna yunwa. Kuma duk cikinsu babu mai lanƙwasuwa, don taurin kan da kuke gani a junanku ba daga wajena kuka gado shi ba. Haka muka zauna, kowa yana ƙirga watannin da suka rage.

Ana cikin haka wata rana Iya ta tafi barkar haihuwa Ɗanzomo, babanku yana gona wajen shara, sai na ji sallama daga bayan danga. Wani tsoho ne a kan keke, ɗan siriri, da hular kaba. Daga baya muka san ana ce masa Baba Mushe, don ya daɗe a Damagaram yana kula da lambun wani Nasara, ya dawo kowa ya gani sai ya ce masa mushe, wai yallaɓai ke nan a bakin Faransawa. Lokacin shi ne mai lambun wani sabon masaukin baƙi da aka gina a Gumel. Na ce masa masu gida ba sa nan, ya ce in karɓi saƙo.

"Tukwane nake so, ɗiyata, guda ashirin. Masu faɗin baki, tsayinsu ya kai gwiwa. Fulawa za a shuka a ciki a jera a gaban masauki. An ce duk ƙasar nan babu hannu irin na gidan nan."

"To, Baba, za ta ji."

"Amma ki saurara da kyau. Kowace a huda mata gindi. Huji ɗaya, kamar bakin kwalba."

"A huda, Baba?"

"A huda."

Ya hau kekensa ya tafi, ya bar ni riƙe da danga. A raina na ce wannan tsoho zama da Nasara ya taɓa masa kai. Wa ya taɓa biyan kuɗi a ba shi tukunya mai yoyo? Kuma ta yaya zan dubi Iya in ce ta huda tukunya? Ya fi mini sauƙi in ce wa liman ya ci abinci da rana tsaka a watan azumi. Na san in ta ji, cewa za ta yi an zo har gida an zage ta, ta kori cinikin, shi ke nan Kano ta tabbata. Da ta dawo na ba ta saƙo tiryan-tiryan, da yawansu da tsayinsu da faɗin bakinsu. Hujin kaɗai na haɗiye, ina ganin na yi dabara.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na makonnin nan ba. Tafkin bayan gari ya ƙafe ƙurmus, yumɓu mai kyau da da sai an yi nutso ake kai gare shi ga shi nan a fili, abin alheri ɗaya da farin ya yi mana ke nan. Babanku ya yi ta jido shi da jaki, ni ina dakan tsingaro ina haɗawa da ƙaiƙayi ina cuɗawa da ƙafa. Iya ta ce tunda tukwanen na kallo ne, to a ba ido haƙƙinsa. A nan ne ta fara sakar mini hannu. Ni da na tashi a gindin rumbuna, na gina mata ɗaya mai siffar rumbu, da 'yan ƙafafunsa. Ta juya shi ta juya, ta ce in ƙara uku. Na yi mai tsagin kabewa, na yi mai zanko a baki irin na soron masu hali, ita kuma ta bi cikinsu da zanen dagi da tsinken kara. Da na ga an sake mini fuska sai na zarce, na fara gina zabuwa, da wuya da kai da baki.

"Ke, Hannun Fartanya, ranar gobe ƙiyama ke za ki hura mata rai?"

"A'a, Iya."

"To cire kan. Mai rai ba ya shiga matoyata."

Na cire, aka bar gangar jiki da ɗigo-ɗigon fari. Asalin zabuwa mara kai ke nan da har yau ta fi komai tafiya a rumfarku, kuna ce wa masu saye wai salo ne. Muka shafe su da jan gargari, muka goge da 'ya'yan kuka da aka tsire a zare har suna ƙyalli. Iya ta ce baƙi daga ko'ina za su gan su, don haka ta toshe su fiye da yadda take toshe randa. Bayan wuta ta cika kowace da ruwa ta ɗora a kan busasshen yashi. Washegari ta bi ta ɗaga su, ko ɗigo babu. Ta yi hamdala, ni ma na yi, amma tawa ta fatar baki ce. Ranar da babanku ya kai su Gumel a amalanke, Baba Mushe ba ya nan, leburori suka karɓa suka cika su da ƙasa. Da tsohon ya dawo kyansu ya ɗauke masa hankali, ya shuka fulawarsa bai duba gindi ba.

Damina ta sauka da albarka a shekarar, kamar Allah yana rama mana ta baya. Ana ruwa mutane suna murna, ni ina tuna hujin da na haɗiye. Ba a yi wata ba sai ga keken Baba Mushe da hantsi, ya ɗauro ƙaramar tukunyar nan mai tsagin kabewa a baya. Wannan karon kowa yana gida. Ya sauke ta a tsakiyar zaure ya karkata ta, wani baƙin ruwa mai wari ya kwararo, da ruɓaɓɓiyar saiwa. Iya ta fito da sandarta, ni na laɓe a bayan ƙofa.

"Ina hujin, uwar gida?"

"Wane huji?"

"Wanda na ce a yi! Dubi, duk ashirin ɗin haka suke, sun zama kududdufi!"

"Bawan Allah, kwana nawa ruwan nan yake ciki?"

"Ya fi ashirin."

"Ko ɗigo bai fita ba?"

"Ko ɗigo!"

"To alhamdu lillahi. Ƙarar me ka kawo?"

Babanku ya kawar da kai don kada dariya ta kufce masa. Baba Mushe kuwa ya cire hularsa ya zauna a dakali, muryarsa ta sauka. Ya ce saiwa numfashi take kamar mutum, in ruwa ya tsaya mata a wuya shaƙewa take. Ya ce tukunyar fulawa ba riƙe ruwa ne aikinta ba, sakinsa ne. Irin fulawar nan tun daga Damagaram ya taho da shi a ƙulle a tsumma, yana ba shi ruwan shansa a cikin fari, ga shi ya mutu a cikin damina. Shugabansa ya ce a kwashe tukwanen a yanka duro a shuka a ciki.

"Kuma na faɗa wa ɗiyar nan," in ji shi. "Sau biyu na faɗa."

Daga bayan ƙofa na ce, "Ya faɗa, Iya. Ni na ɓoye." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Iya ta dube ni kallo ɗaya, sannan ta juya ga baƙon.

"Ka yi haƙuri da asarar da aka ja maka. Amma ba a huda tukunya a gidan nan."

Ta shige ɗaki. Kwana biyu bayan haka aka dawo mana da tukwanen, babanku kuma ya fara tambayar direbobi kuɗin mota zuwa Kano. Iya ba ta zage ni ba, ba ta ma ce mini Hannun Fartanya ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Ni da kaina na ce bari in gyara ɓarnata. Na samo ƙusa da dutse na kifa rumbun nan da na fi so, bugu uku ya dare gida biyu. Na ɗauko wata, ita ma haka. Sai da na fasa huɗu ina kuka. Iya tana zaune a inuwar ɗaki tana tsince wake, kowace fasuwa tana jinta, ba ta waiwayo ba.

Ranar Juma'a, kwana bakwai da zuwan Baba Mushe, ta ce dambu take sha'awa. Na tsinko zogale na gyara tsaki, na ɗora madambaci, tukunyar nan da ake turara dambu a ciki. Ta jawo kujera ta zauna kusa da murhu, abin da ba ta saba ba, ta zuba wa tururin ido har aka sauke. Da na juye na wanke, sai ta miƙo hannu.

"Ba ni nan."

Ta ɗaga madambacin ta kara shi da rana. Haske ya zubo ta 'yan hujojin gindinsa ya sauka a kan zaninta.

"Wa ya gina wannan?"

"Ke ce, Iya."

"Kin taɓa jin an ce masa fasasshe?"

"A'a."

"Shekara arba'in ina huda tukunya, ina bugun ƙirji ina cewa ba a hudawa a gidana. Ashe tsohon nan gaskiya ya faɗa, kowace tukunya da abin da aka yi ta don shi." Ta ajiye shi a cinya. "Ke kuma, ba a huda ta bayan ta sha wuta, Hannun Fartanya. Tana ɗanya ake yi, in ta kwana ɗaya ta sha iska."

Da na ji sunan nan sai hawaye suka zubo mini, na san an yafe. Amma ba ta gama ba.

"Da kin faɗa mini tun ran farko, da na yi faɗana na kwana uku na huce, da shukar bawan Allah ba ta mutu ba. Kin yanke mini hukunci ba ki tambaye ni ba. Kunyar suruka daban, ɓoye mata gaskiya daban. Kada ki ƙara."

Ban ƙara ba, har muka rabu. A ranar ta sa na cuɗa yumɓu, ta gina tukunya guda ɗaya da hannunta, ba ado ko kaɗan sai dagi ɗaya a ciki. Washegari da hantsi ta kifa ta a kan faifai. Na miƙa mata kara, ta ture. Ta yi bisimilla, ta ɗora babban yatsanta na dama a tsakiyar gindin. Ta danna har yatsan ya nutse, ta murza shi sau ɗaya ta zare, ta shafe bakin hujin da ruwa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in kai ta kusa da murhu ta bushe, damina ce.

Da muka samu kwana uku ba ruwa muka toya ta, babanku ya ɗauke ta a ka har Gumel. Ya ce da Baba Mushe ya karɓa bai ko dubi zanen ba, kifa ta ya yi, ya kara ido a hujin ya leƙa sama, ya fashe da dariya yana cewa, "Yanzu na ga tukunya, mushe!" Tsohon da kansa ya je ya roƙi shugabansa a dakata da yanka duro. Shi ya koya mana a ɗora ɗan tsingaro a kan hujin kafin a zuba ƙasa, wanda kuke koya wa masu saye yanzu kamar da shi aka haife ku. Allah ya jiƙan tsohon nan, mun ja masa asara da kunya ya rama mana da alheri. Muka sake gina ashirin, ni ina siffa, Iya tana zane, kuma kowace ita take hudawa da yatsanta, ba ta yarda wani ya yi ba. Matan ma'aikata suka gani a masauki suka fara aike, daga nan makarantu, daga nan masu sababbin gidajen siminti. Aka yi kaka aka ɗaure gero, babu wanda ya ƙara ambaton Kano. Babanku, Allah ya ba shi aljanna, ya mayar da kansa mai jigilar tukwane bai taɓa cewa an rage masa girma ba.

Amma abin bai zo a banza ba, kuma ba ni na biya ba. Magana ta bazu cewa gidan Iya yanzu huda tukwane suke. Da farko wasa ne. Wata ranar kasuwa a Maigatari, ina tare da ita, wata mata da ta shekara da shekaru tana sayen randarta ta zo ta ɗaga ɗaya ta kifa, tana leƙen gindin a gaban mutane.

"Bari in duba, Iya, an ce yanzu hudawa kuke."

Aka yi dariya. Iya ta karɓi randarta ta ajiye a bayanta, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Daga ranar ba ta ƙara kai randa kasuwa ba. Iyayen amare suka koma wajen wasu magina, sunan da ta yi shekara arba'in tana ginawa ya koma Iya mai huji. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ni da nake kwana gida ɗaya da ita na san ya yi mata ciwo. Wani lokaci sai in ga ta tsaya a gaban tsohuwar randar ɗakinta tana ƙwanƙwasawa, tana sauraren amon ita kaɗai. Shekarar da za ta rasu, muna zaune ina goge wata zabuwa, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta yi nadama.

"Nadamar me? Randa ta riƙe mini ruwa shekara arba'in, ba ta iya riƙe mini ɗa ba. Mai hujin ce ta riƙe shi."

A gidanta aka wanke ta, kamar yadda ta ce, ɗanta na tsaye a ƙofa.

Saura abu ɗaya. Ƙarfen nan mai kamar guntun bututu da kuke huda tukwane da shi, wanda yake rataye a ƙusa a rumfarku, kuke ba da aronsa ga duk wanda ya tambaya, kuna tsammani maƙeri ne ya ga dama ya yi shi haka. Ba haka ba ne. Da Baba Mushe zai bar aiki ya dawo mini da tukunyar nan ta farko, ya ce a gidanmu ya kamata ta tsufa. Bayan rasuwar Iya na kasa sa yatsana a inda nata yake shiga, sai na ɗauki tukunyar na kai maƙera, na ce a auna hujin a yi mini ƙarfe daidai da shi, kada a ƙara kada a rage. Yau ko ta yumɓu kuka yi ko ta siminti, ko Dutse aka kai ta ko Damagaram, babban yatsan kakarku ne a gindinta.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da matar nan. Ni siffa na kawo, wannan ban musa ba, zabuwa tawa ce da rumbu. Amma gidan da kuka tashi a cikinsa, da uba da kaka a tsakar gida ɗaya, ita ta saya muku shi da sunanta. Sunan nan ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda, surukata ce. Ku kun san shi, biyu daga cikin 'ya'yanku ma shi suka ci. In an sake taro aka ba ɗayanku dama ya yi magana, ya faɗe shi da ƙarfi yadda na bayan rumfa za su ji, ya roƙa mata gafara. Ni zan ce amin daga cikin mata.